Alƙali Jatau da Gobarar Rumbuna

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin kakannin kakanninmu. Malam Jatau ake ce masa, shi ne alƙalin garin. Ba doki gare shi ba, ba soro. Buzunsa yake shimfiɗawa a gindin tsamiya, nan ake kawo masa ɓarawon akuya da wanda ya fasa wa ɗan'uwansa kai a kasuwa.

Garin nan suna da wata al'ada. Duk shekara idan kaka ta kama, sai masu unguwanni da dattawa su taru a ƙofar masallaci, a kira sunan alƙali. Wanda ya yarda ya ci gaba sai ya ɗaga sandarsa sama, wanda bai yarda ba ya bar tasa a ƙasa. Shekara da shekaru, in an kira Jatau, sanduna tashi suke kamar karan dawa. Kuma kada in ɓoye muku, yana jin daɗin haka. Ɗan Adam ne. Yana son aikin nan kamar ransa, ya kuma san ya iya shi.

To, ku saurara. Wata shekara, ana gab da ranar ɗaga sanda, da rana tsaka kowa yana gona, sai wuta ta kama rumbunan bayan gari. Kafin a kawo ɗauki, abincin gidaje da yawa ya zama toka. Aka sa masu bin sawu, sawu ya kai su bukkar wani baƙon maƙeri mai suna Cindo, wanda bara ya zo garin aka ara masa gona. Baƙo ne, ga shi mai aiki da wuta. Me ya rage? Aka sa shi a mari, aka kawo shi gaban alƙali, gari duk ya biyo baya.

Malam Jatau ya ce, “Cindo, sawunka ne?”

Ya ce, “Nawa ne, Allah ya gafarta Malam. Hayaƙi na hango, na ruga da tulu. Da na ga ta fi ƙarfina, tsoro ya kama ni, na komo.”

Alƙali ya juya ga jama'a. “Wa ya gan shi yana kunnawa?”

Sai wani daga baya ya ce, “Ai kowa ya sani!”

Alƙali ya ce, “To, kowan nan ya matso gaba in ga fuskarsa.”

Ba wanda ya matso. Aka tashi a kan za a ci gaba da bincike. Aka bincika, aka bincika, ba a sami ko mutum ɗaya da ya gani da idonsa ba.

Ana nan sai amininsa, mai unguwa Barmo, wanda suka yi karatun allo tare, ya same shi bayan la'asar. Ya ce, “Jatau, na san taurin kanka tun muna cin ɗanyen gero. Ban zo in ce ka yanke wa marar laifi hukunci ba. Abu ɗaya nake roƙo: ka jinkirta. Ka bar shi a mari har a wuce ɗaga sanda. In zuciya ta huce, ka sake shi. Ƙarya ka yi? Ba ka yi ba. Amma in ka sake shi yanzu, wallahi Sallau za su ɗora, kai kuwa ka san Sallau, bulala ce amsar kowace tambaya a wurinsa.”

Jama'a, ku dubi wannan jarrabawa. Ba toshiya aka kawo masa ba, da ya kore ta da tsawa. Shawara ce mai kama da hikima, daga bakin masoyi. Malam Jatau ya yi ta juya ta a ransa. Mutum guda ya ƙara 'yan kwanaki a ɗaure, gari ya tsira daga Sallau. Ina laifi?

Washegari ya fita zagaya, ƙafarsa ta bi da shi ta gonar Cindo. Geron kowa an yanke an ɗaure, nasa kaɗai ke tsaye, tsuntsaye sun yi masa baƙi ƙirin. Matar Cindo tana tsakiyar gona da goyo, tana kaɗa zani tana ihu, in ta kori na gabas na yamma su sauka. Ba ta ma lura da shi ba. Ya daɗe a tsaye. A nan ya gane 'yan kwanakin da Barmo ke faɗa, abincin shekarar wani gida ne. Ya kuma tambayi kansa: don gari zan jinkirta, ko don buzuna?

A ranar ya sa aka kawo Cindo. Cindo ya yi alwala, ya rantse da Alƙur'ani a gaban kowa. Alƙali ya ce, “Sawu ya shaida ya je wurin. Sawu bai shaida ya kunna ba. Ku kwance shi, ya je ya yanke geronsa.”

Ranar ɗaga sanda aka kira sunan Jatau. Sanduna suka kwanta a ƙasa kamar an zuba itace. Barmo ya ɗaga tasa rabi, ya dubi hagu da dama, ya mayar. Malam Jatau ya naɗe buzunsa ya tafi gida.

Kuna jira in ce daga baya aka kama mai laifin, gari ya ji kunya? A'a. Har yau ba wanda ya san wa ya sa wutar nan. Cindo ya kwashe abin da tsuntsu ya rage ya bar garin. Sallau ya hau, ya ba su abin da suke so. Da ma zargi suke so a hukunta, sai zargi ya wadatar. Aka fara da baƙi, ana murna. Sannan aka zo kan 'ya'yan gari. Ɗan Barmo kansa aka zane a kasuwa kan zargin satar wani rago da daga baya aka tsinta a rijiya. Kuma tsoro ya hana kowa kwantar da sandarsa a gaban Sallau.

Duk bulalar da aka yi, a zuciyar Malam Jatau take sauka. Yakan zauna a gonarsa ya ce, “Da na bi ta Barmo, da yaran nan ba su sha wannan ba.” Can kuma ya tuna matar nan da zaninta. Haka ya tsufa, tsakanin wannan da wancan.

Bayan Sallau ya rasu, dattawa suka yo gayya zuwa gidansa, Barmo a gaba. Suka tarar an jagoro shi zuwa zaure, ido ya tafi, kunne ya yi nauyi.

Barmo ya ɗaga murya. “Jatau, mun zo ka koma buzunka. Mun yi kuskure.”

Ya yi murmushi. “Barmo, kai ne? Har yanzu da jinkirinka kake tafe. Alƙalin da ba ya ganin fuskar mai shaida, ba ya jin muryar mai ƙara, me zai yi muku? Na yafe, duniya da lahira. Amma abin da kuka zo nema ya ƙare a gona.”

Suka fito, ba mai iya duban ɗan'uwansa. Bai sake ganin wata kakar ba.

To, jama'a, ni na daɗe ina auna labarin nan, ga inda na tsaya. Ba za a tambayi Jatau bulalar Sallau ba, masu sanduna za a tambaya. Shi abin da aka ɗora masa, haƙƙin mutumin da ke ɗaure a gabansa ne, ya kuma sauke a kan lokaci. Danne haƙƙi zalunci ne, jinkirta shi don gyara kujerarka ma zalunci ne, ko da ka yi masa rawani ka kira shi hikima. Kai da maganar wani take hannunka, kana cewa “bari sai an kwana biyu,” ka sani tsuntsu na cin geronsa. Ku kuma da ake ba ku zaɓi, kowa da sandarsa a hannu. Kada ku kayar da mai gaskiya ranar da gaskiyarsa ta ɓata muku rai, don ran da za ku koma nemansa, ba lallai ku same shi yadda kuka bar shi ba. Allah Ya sa mu gane mutanen kirkinmu tun suna da ƙarfin yi mana amfani.