Goron da Zaki Bai Fasa Ba

Gatanan gatananku, jikokina. Ku ce ta zo mu ji ta mana. Yawwa. A bakin Gwaggo Tasidi na fara jin wannan, ina yarinya.

A wani daji, mai neman sarauta sai ya ciyar da jama'a har su ture. Zaki yana so, amma ko ƙashi bai ajiye ba. Sai Ungulu ta bi danginta masu hali, ta taro masa nama tuli guda. Aka ci, aka naɗa shi.

"Uwar ɗakina, da me zan saka miki?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Reshen da ke saman kanka ya ishe ni."

Rannan karnukan ƙetaren rafi suka aiko da goron sulhu. Al'adarsu, in sarki ya fasa goro an zauna lafiya, in ya mayar kuwa sai yaƙi. Zaki ya ɗauka zai fasa, sai muryar Ungulu ta sauko daga reshen a hankali:

"Mu da muka ciyar, ba ma son goro."

Ya mayar. Aka gwabza, har ɗansa bai dawo ba. Ungulaye suka sauka, suna yanyana naman waɗanda suka mutu suna shanyawa.

"Uwar ɗakina, wannan na wa ne?"

"Na walimar mai gadonka."

Zaki ya ce, "To, wanda na ci fa?"

"Ka taɓa tambayar inda tsohon sarki ya shiga?"

Ƙurunƙus, kan kusu ya ƙone, ba da ni ba.

Washegarin ranar da Gwaggo ta yi mini wannan tatsuniyar, wani mai neman kujera ya aiko gidanmu da kason nama. Na faki idon Inna, na haƙa rami na binne nawa.