Gadin Barci

Yaya, Allah ya jiƙanka. Kai ka fi kowa sanin halina, ba ni da haƙurin jira. Sau nawa ka buge min hannu a shago don na dangwala yatsa a fenti in ga ko ya bushe? Kujera ta fito fes, sai shatin yatsana a gefe. Wannan halin ne ya so ya raba ni da aikin da ka bar min.

Bayan rasuwarka barci ya ƙaurace min. Ina nan a ɗakinmu, katifarka na naɗe ta na jingine a bango. Da na kwanta sai in fara gadi: ya zo, ko bai zo ba? In duba waya, in lissafa abin da ya rage gari ya waye, in ce gobe na kaɗe a wurin aiki. Da rana ma ba hutu. Guduma na hannuna, hankalina na kan daren da bai zo ba tukuna.

Wata rana ina tura katako a injin yanka, idona ya rufe. Ƙusa, siririn nan abokin tsokanarka, shi ya fizgo ni ta riga.

"Yatsun naka sun yi maka yawa ne?" in ji shi. "In kyauta za ka yi, a ba ni babban."

Maigida, mai shagon, bai yi dariya ba. Ya kashe injin ya ce, "Don yayanka na riƙe ka. Amma ba zan mayar wa mahaifiyarku ɗa da guntun hannu ba, kukan da ta yi ya isa. Koma goge katako da samfefa. In wata ya ƙare idonka na nan jawur, sai ka nemi wani wurin."

Ka san da aikin nan muke ci, ni da Mama.

Na je asibiti neman ƙwayar barci. Likitar wata dattijuwa ce mai tabarau, ta daɗe tana min tambayoyi. Daga ƙarshe ta ce, "Ɗana, barcin bai gudu ba, ido ka sa masa. Hankalinka ya maƙale wuri guda, shi za mu koya wa tashi."

Ta ce kullum da rana in samu ɗan lokaci in zauna. In zaɓi sauti ɗaya in bi shi, sannan in koma wani na nesa, in sake wani, daga baya in buɗe kunne in ji su duka tare. In tunanin barci ya zo kada in kore shi, in bar shi a inda yake in koma kan sautin.

"Da rana fa," ta ce.

Na yi kwana biyu ban ga komai ba, sai halin nawa ya motsa. Na ce in da rana yana aiki, da dare zai fi. In kwanta in saurari fanka, in saurari karen maƙwabta, sai in leƙa in ga ko ido ya fara nauyi. Abin ya ƙara lalacewa. Na koma mata rai a ɓace na ce ba ya aiki.

"Yaushe kake yi?"

"Da rana. Da dare ma, don ya ƙara ƙarfi."

Ta cire tabarau ta yi murmushi. "Kana saurare kana leƙen ko ya iso? Ai gadin ka koma, kayan aiki kawai ka sake. Yi shi da rana, kada ka nemi lada a ranar. Da dare kife wayar nan, barci ba aikinka ba ne."

Na bi maganarta don ba ni da wata dabara. Lokacin hutu in zauna kan tarin katako. Ga zarton Ƙusa, ga gudumar Maigida, ga mai gyaran babur a tsallaken titi, ga tattabaru a kan kwano. Ƙusa ya ce, "Ku yi shiru, yana jin hirar katako."

Abin da ya fi min wuya, Yaya, a cikin sautukan nan akwai gurbin fitonka, wanda kake yi in kana awo. Da farko in na iso nan sai in tsaya cak. A hankali na koyi in gaishe ka in wuce wurin tattabaru.

Ba rana ɗaya abin ya gyaru ba, har yanzu wani daren yakan ƙi. Amma na daina yi masa shari'a. Ban ma san daren da barcin ya dawo ba. Na dai ji Mama tana buga ƙofa, rana ta hau bango. Kafin watan ya ƙare Maigida ya tsaya ya kalli idona, ya miƙo min katako ya kunna injin. "Tura," ya ce. Na tura, ya fita miƙe.

Darasin da nake so mai irin halina ya ɗauka shi ne, akwai abin da ƙoƙari ke kawowa, akwai wanda sa ido ke korarsa, barci kuwa yana cikin na biyun. Wanda ya rasa shi ya nemi masu sani, ya bi abin da suka ce ba tare da ƙarin kansa ba, ya koya wa hankalinsa komawa kan duniyar da ke gabansa. Saura abu ɗaya, Yaya. Safiyar da na fara tashi garau, sai da na yi nisa a hanyar shago kafin na tuna da kai. Na tsaya a bakin titi na yi kuka, na rasa na kunya ne ko na sauƙi. Ban gaya wa kowa ba tukuna, har Mama.