Tulun da Aka Toshe da Tsakuwa

Akwai wani masunci a tsibirinmu ana ce da shi Shadli. Ba malalaci ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma mutum ne da in ya kafe a kan abu, ko duk gari ya taru ba ya sakewa.

Sana'arsa kamun ƙarnit, dabbar nan ta teku mai hannu takwas marar ƙashi. Yana da 'yan tulunan yumɓu ɗari uku ɗaure a igiya, jere a ƙasan ruwa. Ƙarnit tana son rami. In ta ga tulu sai ta shige ta mai da shi ɗaki, masunci ya jawo igiya ya zazzage ta.

Tun kafin hukuma ta san da mu muna da dokarmu. In ka jawo tulu ka ga an toshe bakinsa da tsakuwa, ka mayar da shi. Uwa ce a ciki. Ta rataye ƙwayayenta a rufin tulun, ta rufe ƙofa, ba ta ci ba ta fita har su ƙyanƙyashe, sannan ta mutu. Daga baya hukuma ta ƙara tata: in zafi ya shigo a daina kamu sai sanyi ya dawo.

Matar Shadli sunanta Mabruka. Ɗa ɗaya Allah ya bar musu, Lutfi, saurayi mai shekara ashirin da huɗu. Sa'o'insa duk sun shiga kwale-kwale sun nufi Italiya. Wasu sun isa, wasu ba a sake jin labarinsu ba. Mabruka ba ta da wani tsoro a duniya sai wannan.

"Ummi, ki daina kallona kamar na sa ƙafa ɗaya a jirgi," in ji Lutfi yana dariya. "Wa zai dafa mini kuskus a can? Muddin tulunan nan suna ba ni abinci, ba inda za ni."

Ta riƙe maganar nan kamar takardar gida.

Wata shekara, bayan an rufe kamu, sai ga wani baƙo da motar ƙanƙara daga birnin Safakus. Ya ce yana saye ninki biyu, babba da ƙarama, ba ya tambayar wane wata ake ciki. Shadli ne ya fara miƙa masa hannu.

"Baban Lutfi, wannan lokacin hutunta ne," in ji Mabruka.

"Hutun wa? Ita ke biya mini siminti? Ɗaki zan gina wa yaron nan a sama, in yi masa aure, ya zauna. Ba abin da kike so ba ke nan?"

"Ina so. Amma ba da wannan ba."

"To ki je ki gaya wa teku ta ƙare mu gani."

Ran da suka fita, tulu na bakwai ya zo a toshe da tsakuwa. Lutfi ya ɗaga zai mayar, uban ya riƙe masa hannu.

"Baba, mai ƙwai ce."

"Na ga ƙwan. Mai motar ya ce maka yana ƙirga ƙwai?"

Ya sa yatsa ya tone tsakuwar. Dabbar ta manne a ciki ta ƙi fita. Sai ya ɗauko ruwan nan mai ƙauri na cire tabo a tufafi ya ɗiga mata. Ta fito tana murɗewa. Ƙwayayen, farare kamar shinkafa a zare, ya ɗauraye su a ruwa ya mai da tulun wofi. Lutfi bai ci abinci ba ranar.

Magana ta kai wurin shan shayi. Tsohon masunci Rayis Ammar ya dube shi ya ce, "Malam Shadli, na ji yanzu har gidan masu jego kake fasawa."

"Sha shayinka, Rayis. Shekara hamsin kana mayar da tulu, me ka tara ban da ciwon gwiwa?"

Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta kashe mu.

A shekarar farko ana zaginsa a bayan ido. A ta biyu aka ga sabon inji a jirginsa, aka ga bulo yana hawa. A ta uku babu wanda ke mayar da tulu sai Rayis Ammar, shi ma 'ya'yansa suna bi bayansa su kwashe. In an hango jirgin masu gadin teku, yaro da babba kowa ya buga wa ɗan'uwansa waya. Har ƙanena ya shiga. Ni ma na ci kuskus da naman ƙarnit a tsakiyar zafi, ban tambayi wane wata muke ba. Allah ya yafe mini.

Aka gama ɗaki. Ƙofa shuɗiya, taga tana kallon teku. Shadli ya damƙa wa ɗansa makulli a gaban mutane.

A sanyin wannan shekara aka buɗe kamu. Lutfi ya jawo tulu ɗari uku, ya sami biyu, ko wacce ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Washegari ɗaya. Aka ce iska ce. Aka ce ruwa ne ya yi ɗumi. Aka kai tuluna can nesa, aka ƙona mai, aka dawo da yashi da ƙaguwa. Mai motar ƙanƙara ya daina zuwa, an ce ya koma wata gaɓar.

Sanyi biyu Lutfi ya yi yana jan igiya wofi. Yarinyar da aka nema masa aurenta, iyayenta suka ce a dakata tukuna.

Wata rana da hantsi ya tarar da uwarsa tana tankaɗe. Ya tsuguna kusa da ita.

"Ummi, kin tuna abin da na ce miki?"

"Ban tuna ba."

"Kin tuna."

"Akwai zaitun a gida. Akwai gari. Yunwa ta kashe wani a gidan nan?"

"Shekarata talatin ba ɗaya. Baba ke saya mini sabulu."

Ta kama rigarsa, garin hannunta ya ɓata masa ƙirji. Ya bar hannun a wurin har ita ta gaji ta saki.

Bayan kwana huɗu aka nemi Lutfi aka rasa. Aka sami makullin ɗakin a cikin wani tulu a bakin ƙofa. Su arba'in da ɗaya suka nufi Italiya a jirgin da bai kamata ya ɗauki goma sha biyar ba.

Wayarsa ba ta sake shiga ba. Ba gawa, ba labari, ba ranar da za a ce a yi zaman makoki.

Mabruka ta hau ɗakin saman nan ta rufe ƙofa. Yau shekara uku. Tana zaune a taga. Mukan kai mata abinci, mu dawo mu ɗauke kwanon kusan yadda muka ajiye. In an yi mata magana sai ta ce, "Yi a hankali, kada ya kira ban ji ba."

Shadli ya sayar da injin, ya koma tuƙi da hannu. Ya rame, ba ya zuwa wurin shayi.

A ƙarshen sanyin da ya wuce, yana jan igiya, sai ga tulu ɗaya a toshe da tsakuwa. Shekara biyar rabon da wani ya ga haka. A gidansa ranar babu abin miya. Ya riƙe tulun da hannu biyu, ya sunkuya har ruwa ya kai masa kafaɗa, ya ajiye shi a hankali kamar jariri.

Ya dawo ya hau bene ya tsaya bayan shuɗiyar ƙofa.

"Mabruka. Na ga mai ƙwai yau. Na mayar da ita."

Ya sake faɗi.

Can ta amsa daga ciki, ba ta ko buɗe ba.

"Wa ka mayar wa?"

Darasi: Dokar da ta ce ka bar uwa ta ƙyanƙyashe, ka bar teku ta huta, ba don dabba kaɗai aka yi ta ba, don ɗanka aka yi. Wanda ya cinye na baɗi a bana, ɗansa ya kora daga gida, ko da bene ya gina masa. Kuma wanda ya gani ya yi dariya, da wanda ya ci ya yi shiru, duk hannunsu na ciki. Ku tura wannan ga masu kamun kifi, na teku da na kogi, tun akwai sauran abin mayarwa.