Tsohon da Ya Gane Ɗakinsa da Azara

Akwai wani tela a cikin garin Daura, can unguwar da ke bayan Kusugu, sunansa Saminu. Gidan da yake ciki gadon mahaifinsa ne, Malam Harisu, wanda ya rasu ba a daɗe da yaye Saminu ba.

Da uwarsa ta fita takaba sai ta koma da shi garin Babban Mutum wajen danginta, can ya girma. Mace ce mai kawaici. In ya tambaye ta labarin ubansa, sai ta ce mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, ta kau da zancen. Ko hotonsa babu. Haka Saminu ya tashi yana kewar mutumin da bai san ko muryarsa ba.

Duk tsawon shekarun nan 'yan haya ne a gidan. Sai da Saminu ya yi aure ya dawo ya tare da matarsa Sadiya, suka haifi 'yarsu Khairunnisa.

A gidan akwai wani babban soro na ginin ƙasa, rufinsa na azara, wato itacen giginya da aka jera aka ɗora ƙasa a kai. Shi suka mayar falo. Sadiya ta shimfiɗa kafet, ta jera kushin, ta rataya labule, amma duk wanda ya shigo sama yake fara kallo. Azarun sun yi baƙi da hayaƙin fitilar shekaru, ga tsofaffin ƙusoshi a jikinsu.

Ta juya kujerun nan ta kowace fuska, abin bai yi mata ba. 'Yan'uwanta in sun zo sai su ce an shigo gidan tarihi. Tana dariya, amma abin yana cin ta. Daga ƙarshe Saminu ya yi mata alkawarin silin kafin Babbar Sallah, har mai aikin ya zo ya auna.

Ana cikin haka, wata rana bayan la'asar, mota ta tsaya a ƙofar gidan. Wata mata 'yar ƙabilar Ibo ta fito, riƙe da hannun wani tsoho da ya rame ƙwarai. Ta yi sallama da Hausa tsantsa, har Saminu ya sake kallon ta.

Ta ce sunanta Onyinye, kuma a wannan gidan aka haife ta. Tsohon mahaifinta ne, Cyprian, wanda ya yi shekaru yana sayar da kayan gyaran babur a Daura. Tun kafin a haifi Saminu yake haya a soron nan, bai bar shi ba sai da ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa suka mayar da shi garinsu can kudu.

Can ne mantuwar tsufa ta kama shi. Gidan da ya gina da guminsa bai gane shi ba. Yarensu ma ya fara kuɓuce masa, Hausa kawai ke zuwa bakinsa. Kullum sai ya ɗaure kayansa ya ce a kai shi gida. Abinci ya daina ci sosai. Rannan ya ɓace, aka same shi a tasha yana tambayar motar Daura.

Ta roƙi a bar shi ya leƙa ɗakin. Saminu bai so ba, amma ya ga ba daidai ba ne a kori tsoho daga bakin ƙofa. Ya ce su shiga.

Tsohon ya tsaya a tsakiyar falon yana kallon kushin da talabijin kamar wanda aka kai baƙon gari. Har ya juya zai fita, sai idonsa ya kai sama.

Ya daɗe a tsaye bai motsa ba. Can ya ɗaga hannu yana nuna wata azara mai kauri da ta ɗan tsage a gefe. Ya ce, "Wa ya kawar mini da kujera daga nan?"

Sadiya tana bakin labule, duk a kan idonta.

Onyinye ta ja Saminu gefe, ta roƙe shi ya ba su ɗakin ko na ɗan lokaci ne, ita za ta zauna ta kula da shi. Saminu ya ce ba zai yiwu ba. Falon iyalinsa ne, sallah ta matso, ga aikin silin. Da za su tafi masauki, sai da aka ɓamɓare yatsun tsohon daga jikin ƙofa.

Bayan magariba Sadiya ta kawo wa mijinta abinci, ta zauna har ya ci rabi.

Sannan ta ce, "Abban Khairunnisa, ni na nemi silin nan, ni kuma na fasa. A ba tsohon nan ɗakinsa."

Ya ce mata ta yi tunani. Mutumin ba danginsu ba ne, ba addininsu ɗaya ba, ga shi ba lafiya. In wani abu ya same shi a gidan fa? Mutane kuma me za su ce?

Ta ce, "Duk wannan mahaifinka ya sani, ya ba shi ɗakin. Ni dai na ga yadda ya kalli saman nan. In muka rufe shi, ba zan ƙara jin daɗin zama a ƙarƙashinsa ba."

Saminu ya ajiye cokali. Da gari ya waye shi da kansa ya je masaukin.

Ranar aka wuni ana kwashe kaya. Kushin ɗin Sadiya wasu aka cusa a ɗakinta, wasu aka jingine a zaure aka rufe da zane. Aka naɗe kafet. Onyinye ta tsaya tana kallon sama tana tunawa, don da azarun take gane wurin kowane abu.

Kujera a ƙarƙashin mai tsagewar nan, tana fuskantar taga. Teburi daidai ƙusar da ake rataya fitila. Gado can jikin bango inda rufin ya ɗan sunkuyo. Wani maƙwabci ya ara musu tsohuwar kujerar katako, aka samo ƙaramin rediyo aka rataya a ƙusa.

Da aka shigo da Cyprian, bai tambayi kowa komai ba. Ya wuce kai tsaye ya zauna a kujerar, ya miƙe ƙafa, ya sauke numfashi. Sadiya ta aiko da tuwo da miyar kuka, ya cinye tas. Onyinye ta fita tsakar gida ta yi kuka.

Sallah ta zo. 'Yan'uwan Sadiya suka tarar da tabarma a tsakar gida, falo kuma da tsoho a ciki. Sun yi magana, wata har ta ce Sadiya ta mayar da kanta mai gidan haya. Maganar ta yi mata zafi, bayan sun tafi ta daɗe a ɗaki ita kaɗai. Amma ba ta taɓa nuna wa baƙin a fuska ba.

Shi kuwa Saminu, da farko gaisuwa kawai ke kai shi ɗakin. Wata rana ya shiga, tsohon ya dube shi ya washe baki. Ya ce, "Harisu, sai yanzu? Zauna mana."

Saminu ya buɗe baki zai gyara masa, Onyinye ta girgiza kai. Sai ya zauna.

Daga ranar, duk yamma in ya rufe shago can yake nufa. Tsohon yana yi masa hira a matsayin abokinsa Harisu, yana cewa ka tuna kaza, ka tuna kaza.

Ta haka Saminu ya ji cewa ubansa mutum ne mai dariya har da riƙe ciki. Ya ji yadda suka tafi garin Kongolam a kan babur, Harisu ya nace shi zai tuƙa alhali bai iya ba, suka zube cikin rairayi. Ya ji yadda su biyun suke hawa rufin soron nan su yaɓe shi kafin damina. Ya ji cewa wata shekara da hankula suka tashi a wasu garuruwa, Harisu ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a ƙofar ɗakin nan, ya ce duk mai neman baƙonsa sai ya tsallake shi.

Wani lokaci tsohon ya maimaita labari ɗaya har sau nawa a zama guda. Saminu bai taɓa gajiya ba. In ya fito, sai ya zauna ya ba Sadiya labarin tun daga farko, yana dariya, idonsa na cika da ƙwalla.

Haka aka ci damina. Jikin tsohon yana ƙara rauni, amma ya daina ɗaure kaya.

Wata safiya Saminu ya kai masa koko. Ya tarar da shi zaune shiru, idonsa tar, ba irin na kullum ba. Ya ƙura wa Saminu ido.

Ya ce, "Kai ba Harisu ba ne."

Saminu ya ce, "Ɗansa ne, Baba. Saminu."

"Harisu ya rasu ko?"

"Ya rasu, Baba. An daɗe."

Tsohon ya sunkuyar da kai, hawaye na bin kumatunsa. Can ya kamo hannun Saminu ya riƙe.

Ya ce, "Ranar da aka haife ka, nan ya shigo da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Ya ce mini, Cyprian, na yi ɗa. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna irin ta ran nan ba. Ya so ka, yaro. Ya so ka ƙwarai."

Saminu ya durƙusa a gaban kujerar, ya kifa kansa a gwiwar tsohon. Kokon yana gefe har ya huce.

Kafin azahar mantuwar ta dawo, ya ci gaba da kiran sa Harisu. Bayan 'yan makonni ya cika a ɗakin, hankalinsa kwance. Da 'ya'yansa suka zo ɗaukar gawar zuwa garinsu, Saminu ya rufe shago ya bi motar har can.

Darasi: Kada kwalliyar ɗaki ta sa ka rufe ƙofa ga mai rauni, ko daga ina ya fito. Sadiya ta haƙura da falonta, mijinta ya samu abin da ya rasa tun yana goye. Alherin da ka yi wa baƙo, ba ka san ta inda Allah zai juyo maka da shi ba. In akwai tsoho kusa da kai, zauna ka saurare shi tun yana nan. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.