Tagulla da Baƙinta Biyu

Da Zailani ya dawo daga ƙasar waje, ya tarar an sare durumin ƙofar gida, zugazugin maƙera ya koma na lantarki, yayansa Tanimu kuwa har ya ajiye tumbi. Zafin ran mahaifinsu, Sarkin Maƙera, shi ne yana nan yadda ya bar shi. Tsohon ya ce ƙafar Zailani ba ta sake barin garin.

"Me kake yi a can da ba a yi a nan?"

"Ƙarfe nake sanyayawa, Baba, in ga yadda iska ke sauka a kansa."

"An yi asarar jinin maƙera. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe."

Zailani ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ji labarin Tagulla da baƙinta.

"An yi wata Tagulla da aka sanyaya har ƙanƙara ma ta zama kamar wuta in aka gwada da ita. Sai ga 'yan'uwa biyu daga dangin iska, Haidurojin marar nauyi da wansa Diyuteriyam mai nauyi, suka sauka a bayanta suka lafe, ba igiya ba ƙusa. Don murna ta ce bari ta ɗuma jiki ta karrama baƙi. Ɗumi na somawa, ƙaramin ya yi sama. Ta ce, 'In ya dawo, riƙon da zan yi masa sai ya gane kurensa.'

"Babban ya ce, 'Uwar gida, ji abin da ya faru a gidan wani ƙarfe, Nikel. Kin san kowannenmu tagwaye ne manne da juna. Irinmu suka sauka masa, ya damƙe su har kowane ya rabe biyu. Sun zauna kam, amma ba su ne suka zo ba. Mai matse ƙwai a hannu, ruwa zai tarar.'

"Tagulla ta huce, ƙaramin ya dawo da kansa. Da zafi ake bugun ƙarfe, Baba, amma da sanyi yake riƙe baƙo."

Sarki ya fashe da dariya. "Wato Tanimu ne mai nauyin."

"Ni dai ban faɗa ba."

"Je ka haɗa kayanka, ɗan nema. Na huce."

Zailani na cusa kaya a jaka, tsohon ya leƙo ɗakin.

"Bar rigar sallarka a rataye, ta jira ka."

Zailani ya zaro ta daga jakar, ya mayar da ita inda take rataye.