Madugu Agali da Akusan Garunja

An ruwaito a wani tsohon littafi, wanda gara ta ci gefensa ta bar mana tsakiyar, cewa an yi wani madugu mai suna Agali, mutumin bayan hamada. Ya tsufa a kan raƙumi, gwiwoyinsa sun fara kai ƙara, ba abin da yake so sai gida da rumfa a Birnin Garunja, ya sauke iyalinsa ya huta. To, al'adar Sarkin birnin, Barmo, ita ce ba ya ba baƙo mazauni sai ya wuni yana zaga birnin da Waziri, da yamma kuma ya ci tuwon fada a gabansa. Wanda ya ture akushin Sarki ya ture birnin ke nan, sai ya ɗaure kayansa.

Da hantsi Waziri Bawale ya ja shi suka hau ganuwa, suka hango gonaki kore shar har iyakar gani. Suka sauko marina, inda shuni ya rine hannuwan mutane har gwiwar hannu. Sarkin Marina ya kawo fura da nono cikin sabuwar ƙwarya. A ƙasar su Agali, inda ake riritar kowace ƙwayar hatsi, girmama mai gida shi ne ka suɗe kwano. Ya shanye tas. Sarkin Marina ya leƙa ƙwarya, fuskarsa ta canza, ya aika aka ƙaro wadda ta fi ta fari. Madugu ya yi bisimilla ya sake shanyewa.

Suka shiga tsohon masallacin da ba a san maginansa ba, sanyinsa ya ratsa shi, ya ji a ransa nan yake so a yi masa salla in ya mutu. A gidan Sarkin Kasuwa aka kawo waina da miyar taushe. Ya share, aka ƙaro, ya share. A unguwar mahauta dambun nama ne da kilishi, nan ma bai bar ko ƙyas ba. Waziri kuwa, Allah ya yafe masa, yana gefe yana danne dariya cikin rawani.

Da suka zauna gindin wata kuka bayan la'asar, Agali yana nishi ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan kashe ni suke son yi?"

Waziri ya ce, "Madugu uban tafiya, kai ne ka kusa kashe su da kunya. An ce a zamanin kakan kakan Sarki, mayaƙa suka kewaye birnin nan har rumbuna suka bushe. Sarkin lokacin ya yi doka, kowa ya rage loma a akushi saboda maƙwabcin da bai samu ba. Wani ɗan leƙen asiri ya shigo, duk zauren da ya leƙa sai ya ga ragowa. Ya koma ya ce wa ubangidansa, mutanen da ke barin tuwo ba yunwa ce za ta buɗe ƙofarsu ba. Suka kwashe suka tafi. Tun ran nan, akushi fanko a garin nan yana nufin mai gida ya bar baƙonsa da yunwa."

Agali ya dafe kai. Ga shi an zo kiransu fada.

Aka ajiye masa tuwon shinkafa da kan rago, ƙamshi ya cika zaure, shi kuwa ko numfashi da ƙyar. Ya so ya ce ciwon ciki ya kama shi, sai ya ga bai dace ya fara zama a gari da ƙarya ba. Ya wanke hannu, ya yanki loma ɗaya, ya haɗiye da taimakon Allah, ya rufe akushi. Fadawa suka soma gunaguni.

Sarki ya ce, "Baƙo, tuwona ne bai yi maka ba?"

Agali ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, rashin sanin al'ada ya sa na cika cikina a hanya. Amma na zaga birane da yawa inda a fada kaɗai ake ƙoshi. Yau na ga birnin da talakawa suka riga Sarkinsu ƙosar da baƙo. Da na iso gabanka da yunwa, ai da shi ne abin faɗi."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Mawaƙana sun shekara suna neman wannan kirari ba su samu ba. Waziri, a ba shi gida kusa da masallaci. Kuma tunda ka zuba masa ido ba ka gaya masa al'adarmu ba, kai za ka riƙe raƙuminsa har ƙofar gidan."

Mai littafin ya rufe da cewa, baƙo ya tambayi al'adar gari kafin ya wanke hannu. In kuwa ya riga ya zarme, ya faɗi gaskiya cikin ladabi, ita ce ta ba Agali inda ya miƙe ƙafa har ƙarshen ransa.