Shayin Ƙanƙara na Mis Wilma

Akwai wata mata a garinmu, can ƙasar auduga ta Mississippi a Amurka, ana ce mata Mis Wilma Stribling. Farar fata ce mai fara'a, ba ta fashin coci. Shekara da shekaru ita ke karɓar sababbin ɗalibai a makarantar kuɗi da ke hayin layin dogo.

Kowa ya san asalin makarantar nan. Shekarar da kotu ta ce a haɗa yara baƙaƙe da farare a aji ɗaya, farare suka kwashe nasu kaf suka gina tasu. Ta gwamnati ta koma ta baƙaƙe zalla, rufinta na yoyo, ta kuɗi kuwa fari fat. A gari ɗaya fa, jama'a!

Wilma ba ta taɓa yi wa kowa gatsali ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. In baƙar mace ta zo da ɗanta, sai ta tarbe ta da murmushi, ta ba ta kujera, ta shiga ciki ta haɗo shayi mai zaƙi da ƙanƙara a kofin gilashi. Sai an kurɓa sannan ta dafa ƙirji ta ce ayya, bana an cika maƙil, a dawo baɗi. Wanda za a ɗauka ba a ba shi shayi, kai tsaye ake wucewa da shi aji.

Wata shekara wata baƙar mace, Ozella Gaines, mai wanki a asibiti, ta zo da 'yarta Vernice, an yi mata kitso an saka mata sabuwar safa. Wilma ta kawo musu shayin, uwar ta sha, ta yi godiya. Yarinyar kuwa ta riƙe kofin ba ta kai baki ba, ta ƙura wa Wilma ido har ƙanƙarar ta narke.

Idon nan bai bar Wilma ba. Har ta yi ritaya, da ta ji ƙanƙara ta bugi gilashi sai ta ga yarinyar zaune a gabanta. A garin da kowa ke shan shayin nan kamar ruwa, ita ta daina haɗa shi a gidanta, ta ce wai haƙori ne.

Ɗanta tilo, Curtis, ya auri baƙar mace a birni. Wilma ta ƙi zuwa bikin. Ana nan hatsarin mota ya tafi da su biyun, aka kawo mata 'yarsu Janelle da 'yar jakarta. Kafin wata ya zagayo yarinyar ta shiga ranta, har ba ta iya cin abinci sai ta gan ta. Fatanta ɗaya: kada jikarta ta taɓa jin cewa ba a son ta saboda fatarta.

Da lokacin makaranta ya yi, ta kama hannunta sai makarantar kuɗi, tana tafe tana ce wa ranta ai gida ne. Darla, wadda ta gaje ta a ofishin, wadda kuma ita ta koya wa aikin, ta rungume ta, ta yi mata ta'aziyya. Sai ta dubi Janelle, ta ce su zauna tana zuwa.

Daga can cikin ɗakin, Wilma ta jiyo ƙarar da ta sani. Ƙanƙara na faɗawa gilashi ɗaya bayan ɗaya.

Janelle ta karɓa ta kurɓa, ta ce, "Kaka, shayinsu da daɗi. Nan zan riƙa zuwa?"

Wilma ta karɓe kofin daga hannunta ta ajiye. Ba ta tsaya jin "bana an cika" ba, ai bakinta ne ya ƙirƙiro ta.

Suka ƙetare layin dogo zuwa makarantar gwamnati, wadda ta sha cewa ko karenta ba za ta kai ba. Wata malama ta ja Janelle, ita kuma aka kai ta ofishin shugaba. Tana shiga ta gane idon. Vernice ce, ta manyanta har da furfura.

"Mis Wilma, zauna, kin sha rana," in ji ta. Ta juya ta buɗe firiji.

Da ƙarar nan ta sake tashi, Wilma ta fashe da kuka. Ta ce a hukunta ta ita, amma don Allah a bar yarinyar, marainiya ce ba ta san komai ba.

Vernice ta ajiye kofin a gabanta. "Ni ma ban san komai ba a ranar, amma na gane. Jikarki tana aji tun ɗazu, har an ba ta kujera kusa da taga. Sha abinki, a nan don ƙishirwa muke ba da shi."

Wilma ta ɗauka ta shanye tas.

Darasi: Wulaƙanci ko an zuba masa sukari wulaƙanci ne, kuma yaron da aka yi wa ba ya mantawa. Kada ka rufe wa ɗan wani ƙofa don launinsa ko asalinsa, ba ka san ranar da naka zai tsaya a bakinta ba. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.